ARAHA BA TA ADO: Barandin Hutu Da 'Yan'uwansa

Akwai wata tambaya da kan taso a tsakanin wasu 'yan boko duk lokacin da shekara ta zo ƙarewa, ko kuwa aka ga Salla ta matso. Ba a yin ta a bainar jama'a, sai an duba gabas an duba yamma, an rage murya. Tambayar ita ce, wai wane barandi ne mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi, wanda mutum zai saya ya tafi hutu da shi ya tari abokai? Wasu ma ba su tsaya ga barandi ba, sai su ce su Konyak suke nema, amma fa mai araha. Na ga ya kamata mu jawo wannan tambaya daga lungu mu shanya ta a rana a cikin wannan mujalla tamu, domin kuwa ba mashaya kaɗai ta shafa ba. Ta shafi har Alhajin da bai taɓa kai giya bakinsa ba, ta shafe mu mu ɗaliban Hausa, kuma in mai karatu ya bi ni a hankali zai ga ta inda ta shafe mu.

Ba wa'azi na zo yi ba. Hukuncin giya a Musulunci ɗan makarantar allo ma ya san shi, kuma tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta ɗauki shari'a doka ta zo ta ƙara masa ƙarfi. Wanda duk wannan bai hana shi ba, takardar ɗalibi ba za ta hana shi ba. Haka nan kuma ni ɗan Ƙetare ne ta ƙasar Ƙanƙara, na san a kudancin Katsina muna da maƙwabta Hausawa Kirista waɗanda da yawansu ba su shan komai, muna da Maguzawa masu burkutunsu na dawa tun kafin Bature ya san hanyar garinmu. Ba da su nake ba a yau. Mai burkutu dai ya san gonar da dawarsa ta fito, ya san matar da ta dafa, ya san nawa ya biya ta. Ni da mai kwalba nake, wanda ke auna darajar bikinsa da darajar baƙonsa da abin da aka rubuta a jikin gilashi.

Mu fara da sanin abin da ake nema ɗin, don mafi yawan masu nemansa sunan kawai suka iya faɗa. Barandi ruwan inabi ne wanda aka bari ya tsima ya zama giya, sa'an nan aka ɗora shi a wuta aka tare tururinsa, tururin ya huce ya koma ruwa mai ƙarfin gaske. Sunan daga bakin fataken ƙasar Holan ya fito, ma'anarsa kuwa giyar da aka ƙona. Shi kuma Konyak sunan gari ne, kamar ka ce Bakori ko Ɗanja. Wani ɗan gari ne a yammacin Faransa a bakin kogin Charente, mutanen cikinsa ba su cika dubu 20 ba. A shekarar 1909 gwamnatin Faransa ta shata iyakar ƙasar da za a noma inabinsa, a 1936 kuma ta ɗaure sunan da doka. Tun daga nan, ko a cikin Faransa ka yi barandinka, in dai ba a cikin wannan iyaka ka yi shi ba, kuma ba bisa ƙa'idar da aka gindaya ba, to, ba ka da ikon kiransa Konyak. Ƙa'idar ta ce sai an dafa shi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe, kuma wajen lita 9 ta ruwan inabi ce ke ba da lita 1.

Bayan wannan sai a ɗura shi a gangunan katako, a kai ɗaki mai duhu a manta da shi. Haruffan nan na jikin kwalba, waɗanda 'yan gayu ke furtawa suna karya harshe, lissafin shekaru ne kurum. VS na nufin ya yi aƙalla shekara 2 a ganga, VSOP shekara 4, XO kuwa shekara 10 tun daga 2018, kafin nan 6 ce. Kowace shekara wani kaso yakan bi iska ya tafi, Faransawa na kiran wannan asara rabon mala'iku, wa'iyazu billahi. Gidan Martell tun 1715 yake wannan sana'a, na Hennessy tun 1765, watau shekara 39 kafin jihadin Shehu Usmanu. To, ka haɗa kuɗin gona, da na makamashi, da na shekarun jira, da na jirgin ruwa, da na kwastan, sa'an nan ka tuna yadda Naira ta faɗi warwas tun daga 2023. Ta ina araha za ta shigo? Neman Konyak mai araha neman jini ne a jikin fara. Kwalba guda ta gaske mai matsakaiciyar daraja takan haɗiye Naira dubu 70 ɗin nan da aka yanke wa ƙaramin ma'aikaci a 2024 a matsayin albashin wata, ta kuma nemi ciko.

To, me ake sayarwa da sunan barandi mai sauƙin kuɗi? Mai dama-dama a cikinsu, wanda ke da rajista da lambar hukuma, sau da yawa bai taɓa ganin inabi ba balle ganga. Barasa ce tsagwaronta da aka tatso daga ragowar rake ko daga rogo, aka sirka da ruwa, aka zuba ƙonannen sukari don ta yi ja, aka ɗiga abin ƙamshi. Mara dama-dama kuwa shi ne wanda ake ɗurawa a tsohuwar kwalba. Ka taɓa tambayar kanka abin da ya sa ake bi otal-otal ana sayen kwalaben manyan giya waɗanda babu komai a ciki? Ai ba don a zuba man gyaɗa ba ne. A watan Disamba na 2023, ana dab da Kirsimeti, hukumar NAFDAC ta rufe wata kasuwa a Aba, inda ta tarar an mai da shaguna fiye da 200 wuraren haɗa abin sha na jabu. A 2015 mutane suka yi ta mutuwa a Ode-Irele ta Jihar Ondo, aka yi ta cewa fushin gunki ne, daga baya bincike ya nuna gubar metanol ce a cikin ogogoro. A shekarar dai gommai suka bi su a Jihar Ribas. Metanol harshe ba ya bambanta shi da ɗan'uwansa. Ido yake kamawa, mutum ya kwanta yana gani ya tashi makaho, in ya tashi ke nan.

Duk cikin masu sayen irin wannan kaya a Nijeriya babu wanda ya fi ɗan Arewa mai saye a ɓoye shiga haɗari. Mai saye da rana yana ɗaga kwalba ya duba murfinta, ya yi ciniki, in aka cuce shi ya koma ya yi faɗa. Mai saye da dare, a bayan tasha ko a wani lungun Sabon Gari, hularsa a aljihu don kada a gane shi, abin da aka miƙo masa a baƙar leda shi zai karɓa ya yi gaba. Ba ya mai da kaya, ba ya kai ƙara, don in ya kai shi za a fara kamawa. In cikinsa ya murɗa aka kai shi asibiti, likita ya tambaye shi me ya sha, ga wansa tsaye a kansa, sai ya ce zazzaɓi ne. Masu jabu sun san da haka sarai. Sun san a ina ne kasuwar da ba a dawo masu da kaya.

Yanzu sai mu tambaya, yaya aka yi abin da ba mu noma, ba mu dafa, addinin yawancinmu kuma ya hana, ya zama ma'aunin wayewa a wurin wasunmu? Tarihi yana da amsa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Brussels ta Beljiyam, suka amince kada a kai barasa yankunan Afirka da ba ta riga ta shiga ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkinsa a Arewa a 1900 sai ya riƙe wannan, aka hana sayar wa ɗan ƙasa barasar Turai. A Kudu kuwa barasar Holan da ta Jamus ta yi ta kwarara, harajinta na cikin manyan abubuwan da gwamnatin mallaka ke ci. Amma shi Baturen da ke zaune a Arewa dokar ba ta hau kansa ba. Razdan da Di'o da Baturen gona da Baturen auduga sukan taru a kulob da yamma, boyi na zuba masu wuski da barandi, akawu da tafinta suna leƙe ta taga. Abin da aka hana ka, alhali kuwa kana ganin mai mulkinka yana yi, shi ne ke yin girma a idonka.

Da Bature ya naɗe tabarmarsa a 1960, 'yan boko suka gaji gidansa na bariki, suka gaji motarsa da kujerarsa, wasunsu suka haɗa har da kabad ɗinsa na kwalabe. Kuɗin mai da na Udoji suka zo a tsakiyar shekarun 1970 suka iza wutar, har sai da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta hana shigo da shamfen don ɓarnar ta yi yawa. Yau kuma mawaƙan Legas da na Amurka ne ke ɗaga kwalbar a hotunan waƙoƙinsu, yaro na kwance a ɗakin kwanan ɗalibai yana kallo a waya, yana lissafin ranar da shi ma zai ɗaga. Tagar ce aka sake, leƙen yana nan yadda kakansa akawu ya bar shi.

Na san a nan Alhaji zai gyara zama ya ce, madalla, a gaya masu, mu Allah ya tsare mu. To, Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, yanzu na iso kanka. Mene ne wannan da na gani a teburin bikin 'yarka, da kuma falonka ran Salla? Kwalba ce koriya mai dogon wuya, an naɗe mata kai da takarda mai ruwan zinariya, an toshe ta da toshiya an ɗaure da waya. Sai an girgiza, a buɗe ta yi ƙara, kumfa ya zubo, a yi tafi a ɗauki hoto. Ana ce da ita wayin mara giya. Ban ce haram ba ce, ruwan inabi ne ko na tufa da sukari da iska. Amma ka faɗa mani tsakaninka da Allah, don zaƙinta ka saye ta? In don zaƙi ne ai rake ya fi ta, kuma a bayan gari ake sare shi. Ka saye ta ne don ta yi kama da abin da ka ce ka ƙi. Mun saba jin labarin kura da fatar akuya. Wannan akuya ce da fatar kura, kuma kuɗin fatar ka biya. Kai da mai neman barandi mai araha layi ɗaya kuka bi, shi ya sayi abin maye na jabu, kai ka sayi kamanninsa.

Mu je Ƙetare ran Salla mu ga yadda abin ke aiki. 'Ya'yan gari sun dawo daga Kaduna da Abuja da Kano, bayan mota cike da katan-katan na lemun kwalba da na gwangwani. An sauko daga idi, an fara gaishe-gaishe. Baƙon da ya zo da mota da babbar riga mai aiki a falo za a sauke shi, a kawo masa kwalba a kan tire. Kawu da ya tako da ƙafa daga ƙauye, wanda shi ya noma geron da aka yi furar gidan, a zaure za a bar shi a miƙo masa kunu a kofin roba. Yaran gida suna kallo, kuma yaro ba ya bukatar a karanta masa wannan darasi sau biyu. Ya gane kwalba ta mutanen kirki ce, kunu na wanda ba a jin kunyarsa ne. A maƙwabta kuwa ga gwauruwa mai marayu, ta iya zoɓo da citta da kanumfari irin wanda in ka sha sai ka nemi ƙari, amma tana jin nauyin fito da shi gaban surukai. Sai ta je kanti ta ci bashin rabin katan, ta yi ta biya har watan Sallar gaba ya kama.

A wace ƙasa ake wannan? A ƙasar da a watan Disamba na 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka yi daji da su. A ƙasar da a 2021 sai da aka katse layukan waya na wasu watanni a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu. Kowa daga cikinmu ya san gidan da aka sayar da gona ko shanun huɗa aka biya fansa, ya san gonakin da suka yi shekaru ba a sa masu fartanya ba. A irin wannan gari kuɗin birni sau biyu yake shigowa da kauri a shekara, ƙaramar Salla da babba. Da ya kwana uku yana zagayawa tsakanin mai gero da mai niƙa da mai itace da mai kunu, da gidaje goma sun ɗora tukunya da shi. Amma ina! Tun a kantin birni aka kashe shi, abin da ya iso gari katan ne, abin da zai rage a gari kuwa gwangwanaye ne a kwata.

Abin haushin shi ne, abin da muke jin kunyarsa wasu suna tsallako teku su saya. Busasshen zoɓon da ake tarawa a Maigatari ta Jigawa da kasuwar Dawanau ta Kano, tirela-tirela ake kai shi bakin ruwa a sa a jirgi zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi kamar yadda iyayenmu mata ke yi, su sha a gida da gidajen abinci ba su jin kunyar kowa. Misirawa da mutanen Sudan da shi suke tarar baƙo, suna kiransa karkade. Ayar da ake nomawa a ƙasar Maraɗi, 'yar'uwar Katsina, mutanen Sifen na saye su yi kununsu na aya da ita, kuma ayar da suke nomawa da kansu a yankin Balensiya sun yi mata doka irin ta Konyak, ba mai sa wa wata aya sunanta. Cittar Kaciya tana cikin shayin Larabawa da Turawa. Mu kuwa sai mu sayar a buhu da kuɗin buhu, mu juya mu sayi ruwan sukari a kwalba da kuɗin kwalba, sa'an nan mu kira wannan ci-gaba. Ci-gaban mai haƙan rijiya ke nan.

Da masu neman Konyak za su nemi darasin da ke bayan kwalbar, da na yi masu rakiya. Mutanen Konyak manoma ne kamar iyayenmu. A shekarun 1870 wani ƙwaro ya shiga gonakinsu ya ci saiwar inabi, ya kusa ƙarar da su. Ba su watse ba. Suka samo saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, suka yi mata aure da nasu irin, kamar yadda muke yi wa mangwaro, suka sake dashe. Daga nan suka matsa wa gwamnati ta tsare masu sunan garinsu. Yau kusan duk abin da suka dafa waje ake kai shi, su Faransawa kaɗan suke sha. Watau sun ɗauki amfanin gonarsu sun ba shi suna da awo da doka, duniya ta zo tana biya. Kada kuma wani ya ce wannan sai Bature. Kakanninmu sun san goron Gwanja da gishirin Bilma, sun san suna na ƙara wa kaya daraja. A 'yan shekarun nan ma 'yan'uwanmu na Nijar sun yi wa albasar Galmi da kilishinsu rajista, sunan ya zama nasu a hukumance. Ina zoɓon Katsina? Ina tsamiyar Faskari?

Masu kwalba suna da hujjojinsu, kuma ba zan tsallake su ba. Ta farko ita ce tsabta. Sun ce kwalba a rufe take, kunu kuwa ba ka san da wane ruwa aka dama shi ba, kuma kafin la'asar ya yi tsami. Akwai gaskiya a nan, wanda ya ga kwalara ba ya wasa da ruwa. Za su kuma tuna mani da abin da ya faru a Kano a 2021, sa'ad da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti wasu suka rasu bayan shan lemun haɗi. Amma a bincika a ga me ya kashe su. Garin lemu ne da wa'adinsa ya wuce, da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Daga leda da buhun kamfani gubar ta fito, tsamiyar bishiya ba ta kashe kowa ba. Maganin ƙazanta tafasa ruwa ne, da wanke mazubi, da rufewa. Maganin saurin lalacewa kuwa aikin 'yan'uwanmu ne na sashen kimiyya, waɗanda ke da ɗakunan gwaji a nan kusa da mu. In Bafaranshe ya iya ajiye ruwan inabi shekara 10, mu a ce mun kasa ajiye kunun aya kwana 10?

Hujja ta biyu ta mata ce, kuma ta fi ta farko nauyi. Wata 'yar ajinmu za ta ce da ni, kai da ke yabon kunu, ka taɓa surfe? Ka taɓa tashi da asuba ka jiƙa gero, ka kai niƙa, ka tace, ka tsaya a kan wuta, ga tuwon Salla na jira? Katan ɗin nan da kake zagi shi ya ba uwarka hutu. Na karɓi wannan. Amma amsarsa ita ce a biya mai aikin. A kowace unguwa akwai matar da sana'arta ke nan, kunun zaƙi ko zoɓo ko kunun aya. Kuɗin katan biyu in aka sa mata a hannu tun Salla saura kwana uku, za ta cika maka randa, uwarka ta huta, ita kuma ta ɗinka wa 'ya'yanta. Hujja ta uku ita ce kamfanonin lemu 'yan Nijeriya ke aiki a ciki. Haka ne, kuma ban ce a rufe su ba. Sai dai a gaya mani mutum nawa suka ɗauka aiki a Ƙetare. Ta huɗu kuwa, wai kuɗina ne. Naka ne, ba mai ƙwace maka. Amma ran da ka kafa al'adar da maƙwabcinka ba zai iya bi ba sai da bashi, to, maganar ta fita daga aljihunka ta shigo unguwa.

Akwai kuma abin sha guda wanda a ƙasarmu ya wuce maganar ƙishirwa. Fura da nono geron manomi ne da nonon makiyayi a ƙwarya ɗaya. Ba a dama ta sai Bahaushe ya yi noma, Bafillatana ta ɗauko ƙwaryarta ta shigo kasuwa ba ta jin tsoro, an yi ciniki an yi wasa an rabu lafiya. Duk wanda ya zauna a Ƙanƙara ko Faskari a shekarun nan ya san yadda wannan ciniki ya ja baya sa'ad da zargi ya shiga tsakani, mai laifi da mara laifi aka yi masu kuɗin goro. Gidan da ya nemi nono a wurin Bafillatanar da ya sani ya dama wa baƙinsa fura ran Salla, ya ɗinke wani abu daga cikin abin da ya yage. Babu kwalbar da za ta yi mana wannan aiki, ko daga ina aka kawo ta.

Yanzu kuma mu waiwayo kanmu, 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, Allah ya gafarta maku. Duk 26 ga Agusta ana bikin Ranar Hausa, mu ma muna da namu makon. Mukan sha rawani da babbar riga, 'yan mata su yi lalle, a gabatar da takardu masu zafi a kan yadda baƙin al'adu suka cinye mu. In an tashi, me ake raba wa manyan baƙi? Lemun gwangwani da biskit. Fura da zoɓo kuwa an jera su can gefe a kan tebur tare da akushi da faifai, an manna masu takarda, kamar kayan gidan tarihi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyarmu, daga taro mai zuwa, abin da za a ba babban baƙo shi za a ba ɗan aji ɗaya, kuma daga hannun matan da ke sana'ar za a saye shi. Ina kuma roƙon masu neman abin da za su rubuta kundi a kai su tafi wurin tsofaffinmu mata da alƙalami. Kunun kanwa da na tsamiya da na gyaɗa, da farau-farau, da lamurje, kowanne yana da sunayen kayan haɗinsa, da awonsa, da lokacin da ake shansa, da wanda ake dama wa shi, mai jego ko mai azumi ko mara lafiya. Wannan ilmi a bakin tsofaffi yake, kuma kowace shekara muna binne wani kaso nasa.

Saboda haka, ya kai mai neman barandi mai sauƙin kuɗi, ga amsar tambayarka. Na gaske ya fi ƙarfin aljihunka, wanda aljihunka zai iya kuwa ruwan rogo ne da aka rina, in ka yi sa'a ke nan. Hausawa sun riga sun ce araha ba ta ado, sun kuma ce zanen aro ba ya rufe katara. Kai kuma mai katan, in hutu ya zo ka taho da kuɗinka a aljihu, ka kashe shi a garinku. Ka sa a dama fura, a jiƙa zoɓo da ruwan da aka tafasa, a zuba a mazubi mai tsabta, sa'an nan mai mota da mai sanda su sha a kofi iri ɗaya. Wanda ya raina ka don ka ba shi abin da ƙasarku ta haifa, dama ba don kai ya zo ba. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da manomi gonarsa da makiyayi rugarsa, ya kai mu Salla da rai da wadata. Wassalam.